Ƙanena ya ƙi komawa gida bayan an rage masa awannin mai taimako

Assalamu alaikum Anti. Ƙanena yana da shekara 31. Shekara huɗu ke nan da ya yi haɗarin mota, lakarsa ta taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya ji, amma hannayensa lafiya lau. Bayan an sallame shi daga asibiti ya yi shekara biyu a wajen Umma, daga baya ya kama ɗaki shi kaɗai, yana aikinsa a kwamfuta. Hukuma ce ke biyan wani da ke zuwa safe da yamma yana taimaka masa, awa 21 a mako. Watan jiya aka aiko masa da takarda wai kuɗi sun yi ƙasa, an mayar da shi awa 10. Tun daga ranar ni nake cike gurbin, kafin in tafi aiki da bayan na taso. Ga yara uku, maigidana ya fara ƙorafi, bayana kuma ya fara ciwo saboda ɗaga shi. Umma ta ce a kwaso kayansa ya dawo gida. Da na faɗa masa sai ya ce, "Yaya, gara in kwana a kan keken nan da in koma." Yau kwana uku bai ɗaga wayata ba. Mu matsa masa ne, ko mu zuba ido wani abu ya same shi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri, ya kuma ba shi sauƙi.

Kada ku matsa masa. Zuba ido ma ba na so ku yi. Gajiya ce ta sa kike ganin hanya biyu kawai, kuma ban ga laifinki ba, duk wanda ke kwana da tashi a kan hanya tsakanin gida biyu da wajen aiki haka idonsa ke rufewa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, inda na fi tsayawa shi ne wajen da kika ce Umma ta ce a kwaso kayansa, sannan kika je kika faɗa masa. Wato an zauna, an tattauna, an yanke, shi kuma mai ɗakin sai labari ya same shi. Ina kyautata zaton wannan ne ya hana shi ɗaga waya, fiye da maganar komawar ita kanta. Mutum ne mai shekara 31, hankalinsa garau, yana neman na kansa. Kuma ya riga ya ɗanɗana zaman gida na shekara biyu bayan haɗarin, ya san abin da ya baro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin taɓa tambayarsa yadda shekarun nan biyu suka kasance a wajensa? Ba ina nufin an wulaƙanta shi ba, na tabbata tattalinsa aka yi kamar ƙwai. To tattalin ne sau da yawa ke shaƙe mutum. A yi masa wanka lokacin da mai wankan ta samu sarari. A kashe masa fitila don an ga ya kamata ya huta. Baƙo ya shigo, yana zaune a gabansa, amma ya juya ya tambayi uwarsa, "Ya jikin nasa?" Abokinsa ya zo hira a ce masa yana barci. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma ki tara su kullum har kwana 700 ki gani.

Ni ma na taɓa yin irin wannan katoɓarar. Akwai wani abokin aikina da ke amfani da keke, wata rana muka fito tare, na ga hanyar tana da ɗan tudu, sai kawai na kama bayan keken na fara turawa ina ta surutuna. Bai ce komai ba, ya ɗora tafukansa biyu a kan ƙafafun keken ya riƙe gam, muka tsaya cik. Ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Na ce ki tura ni?" Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga baya ya ce mini keken nan tamkar jikinsa ne, wanda ya kama shi ba izini kamar ya ciccibi mutum ne a tsakiyar hanya. Da muka isa wani wuri mai hawa sosai, shi da bakinsa ya ce in taya shi, ya kuma nuna mini inda zan riƙe.

Wannan bambancin nake so ki riƙe a duk abin da zan faɗa nan gaba. Idan masu lalurar naƙasa suka ce suna so su zauna da gashin kansu, ba suna nufin sai sun yi komai da hannunsu ba. Abin da suke nema shi ne su riƙa faɗin abin da za a yi, da wanda zai yi, da lokacin da za a yi. Wani Ba'amurke mai suna Ed Roberts ya kamu da shan inna a 1953 yana ɗan shekara 14, ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, ko numfashi da dare sai an sa shi cikin wata na'ura da ake kira huhun ƙarfe. Ko cokali ba ya iya ɗagawa. Duk da haka a 1962 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma da yake babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai ɗauki na'urarsa, a asibitin jami'ar ya zauna, yana ɗaukar masu taimaka masa da kansa yana ba su umarni. Daga gwagwarmayar da shi da abokansa suka fara ne aka buɗe a 1972 cibiyar da masu naƙasa ke tafiyarwa da kansu don taimaka wa 'yan uwansu su zauna a gidajensu. Hukumar jihar da a da ta ce naƙasarsa ta yi yawa, ba zai taɓa iya aiki ba, ita ce daga baya aka naɗa shi ya shugabanta. Ƙanenki yana da hannu biyu masu ƙarfi. Abin da ke gabanku lissafi ne na awanni 11 da suka ɓace, kuma lissafi ana iya zama a yi shi.

To ku zauna, shi ne zai riƙe biro. Ku rubuta duk abin da mai taimakon nan yake yi masa a mako guda, daga buɗe ƙofa zuwa rufewa, da mintocin da kowane abu ke ci. Za ki yi mamakin yadda takardar za ta rabu da kanta. Akwai ayyukan da suka shafi jikinsa kai tsaye, irin su sauka daga gado, shiga bayi, wanka da duba fata, waɗanda idan aka yi sake za a kwana asibiti. Awanni 10 ɗin da suka rage a nan ya kamata a zuba su, galibi da safe, domin safiyar da ta lalace takan tafi da ranar gaba ɗaya. Akwai kuma wanki, shara, cefane da girki, waɗanda kowa zai iya yi a kowane lokaci, wasu ma a tara su a yi sau ɗaya a mako. Sai kashi na uku, wanda ya fi ba ni sha'awa: ayyukan da ake ɗauka sai da mutum, alhali gyaran ɗaki ko wani ɗan kayan aiki zai wadatar.

Bari in daɗe a nan, domin akwai abin da ya tsaya mini a wasiƙarki. Kin ce hannayensa lafiya lau, kuma kin ce kina ɗaga shi. Me ya sa? Da yawa daga masu irin rauninsa ana koya musu su tashi daga gado zuwa keke da kansu. Ana matso da keken ya manne da gado a ɗan karkace, a danne birki, a cire abin ɗora hannu na gefen gadon, a sa wani gajeren allo mai santsi, gefe ɗaya a ƙarƙashin cinya, ɗayan a kan kujerar keken. Mutum ya dafa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai gaba, ya zame kaɗan kaɗan har ya sauka. Sirrin yana ga tsayin gadon: idan katifar da mazaunin keken suna daidai, aikin ya zo da sauƙi, idan gadon ya yi ƙasa da taƙi guda, kullum sai an nemi mai ciccibawa. Wataƙila an koya masa a asibiti ya daina saboda akwai mai yi masa, wataƙila kuma akwai dalili na lafiya, kamar ciwon kafaɗa ko ƙagewar tsoka. Ku nemi likitan gashin ƙashi ko wani ƙwararre a gyaran rayuwar masu rauni ya zo ɗakin ya gani da idonsa, kada ku gwada ku kaɗai a karon farko. Amma ke dai ki daina ɗaga shi yadda kike yi. Ranar da bayanki ya riƙe yana hannunki, ku biyu za ku zube, a koma jinyar mutum biyu.

Haka bayi. Kujerar wanka, ƙarfen dafawa da aka kafa sosai a bango kusa da masai, da bututun ruwa mai tsawo da zai riƙe a hannu, waɗannan kan mayar da wankan da ke buƙatar mutum biyu ya zama na mutum ɗaya. Idan akwai dakali a bakin ƙofa, gangarar da za a yi masa tana da ƙa'ida: kowane santimita 1 na tsayi yana son aƙalla santimita 12 na tsawo. Dakali mai santimita 15 ke nan sai gangara mai kusan mita 2. Mutane kan jingina guntun katako su ce sun yi gangara, sai keke ya tuntsura da mai shi ta baya. Kayan girki da na sawa a sauko da su inda hannunsa zai kai daga zaune. Na san za ki ce duk wannan kuɗi ne. Gaskiya ne, kuma ba ku kaɗai ba: rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar wani kayan taimako, kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba. Sai dai kayan aiki sau ɗaya ake saye, mai taimako kuwa kowane mako ake biya, shi ya sa mai yiwuwa hukumar da ta rage awanni ta fi saurin amincewa da sayen kujerar wanka. Ku roƙa.

Abu biyu na lafiya kuma ba na so ku yi wasa da su yanzu da ido ya ragu a kansa. Na farko gyambon zama. Tunda ba ya ji, fata na iya mutuwa a ƙarƙashinsa bai sani ba, musamman a mazaunai, ƙashin wutsiya, kwankwaso da dunduniya. Ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya karkata gefe duk bayan minti 15 zuwa 30 idan yana zaune, kuma safe da dare ya duba da madubi mai mariƙi. Wurin da ya canza launi ko ya yi zafi ko tauri, aka danna bai koma daidai ba, a ɗauke masa nauyi nan take a nuna wa ma'aikacin lafiya. Maganar nan da ya yi ta kwana a kan keke, na san fushi ne, amma kada ya kuskura ya aikata. Na biyu, ga wanda rauninsa ya kai tsakiyar ƙirji ko sama, cikar mafitsara, toshewar robar fitsari ko taurin bayan gida na iya sa jininsa ya hau farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai da zufa a fuska. Idan haka ta faru a zaunar da shi, bayansa a miƙe, a sassauta duk abin da ya matse shi, a duba robar, in bai lafa ba cikin 'yan mintoci a nemi agajin gaggawa. Ku tambayi likitansa ko yana cikin masu wannan haɗarin, kuma duk wanda zai riƙa zuwa wajensa ya san da shi.

Yanzu takardar hukuma. Kada ku ɗauke ta a matsayin hukuncin ƙarshe. Abin da ta ce shi ne kuɗinsu sun ragu, ba ta ce buƙatarsa ta ragu ba, kuma a tsakanin maganganun nan biyu ne hujjarku take. Ya rubuta musu da sunansa, ya nemi dalilin ragin a rubuce, da yadda aka lissafa awanni 10, ya nemi a zo a sake tantance shi, ya tambayi hanyar ƙorafi da wa'adinta. Ku hanzarta, irin wannan wa'adi gajere yake zuwa. Duk wanda kuka yi magana da shi a waya ku rubuta rana da abin da ya faɗa. Takardar makon nan da kuka cika ita ce shaidarku, a haɗa da wasiƙar likita.

Akwai wani rami da iyalai ke yawan faɗawa ranar tantancewa. A share ɗaki fes, a shirya shi tsaf tun kafin jami'in ya iso, a tambaye shi ko yana iya wanka ya ce, "Alhamdu lillahi, ina ƙoƙari," a tambaye ki ki ce, "Ai muna nan, ba ma barinsa." Kunya da kawaici ne, kuma halaye ne masu kyau, amma jami'in abin da ya ji zai rubuta: yana iyawa, kuma dangi na taimakawa. Shi ke nan kun sa wa ragin hannu. Matuƙar kina cike gurbin a ɓoye, a takardarsu babu gurbi. Ranar nan ya bayyana musu mummunar ranarsa, wadda ya yi awa biyu a gado yana jiran wanda zai sauke shi, ya makara a aiki. Ke kuma ki faɗa ƙarara cewa kina da aiki da yara da ciwon baya, abin da kike yi yanzu na wucin gadi ne, ba zai ɗore ba. Sannan ku yi musu magana da harshen da suke ji: gyambo ɗaya da ya yi zurfi na iya kwantar da mutum watanni a gadon asibiti, aikinsa ya tsaya, kuɗin da za a kashe ya ninka na awannin da aka tsimi.

Doka ma tana da abin cewa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ƙasashe sama da 180 sun rungume ta. Sashe na 19 ya ce mai naƙasa yana da haƙƙin zaɓar inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, ba za a tilasta masa wani tsarin zama ba, kuma ya samu taimako a gidansa, har da mai taimako na kansa. Ba zan yaudare ki ba, yarjejeniya ba ta biyan albashin kowa, kuma ƙasashe masu arziki ma suna yanka. Birtaniya tana da wani asusu da aka kafa a 1988 don masu naƙasa mai tsanani su zauna a gidajensu, aka rufe shi a 2015, sannan a 2016 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sauye-sauyen tsuke bakin aljihun ƙasar sun keta haƙƙin masu naƙasa sosai. Amfanin ambaton sashen a wasiƙarsa shi ne mai karantawa ya san ba sadaka ake roƙo ba. Ya kuma tambaya ko akwai tsarin da ake ba mutum kuɗin a hannunsa ya ɗauki mai taimako da kansa, kamar yadda Suwidin ke yi tun 1994, Birtaniya kuma ta yi masa doka a 1996. Inda ake da shi, awa 10 da mutum ya tsara da kansa takan fi amfani a kan awa 10 da ofis ya tsara masa.

Wanda zai fi ni sanin duk waɗannan lungunan shi ne wani mai keke da ya riga shi shiga wannan hali. Ya nemi ƙungiyar masu naƙasa, wadda su da kansu ke jagoranta. Sun san jami'in da ke saurara, sun san kalmar da ke sa a buɗe fayil, kuma abin da ba zai iya tambayarki ba game da bayi da roba, zai tambayi ɗan uwansa namiji ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ke kuma fa? Ƙorafin maigidanki kada ki ɗauke shi rashin tausayi, yana ganin matarsa tana ƙarewa ne. Ki yanke abin da za ki iya bayarwa har shekara guda ba tare da kin karye ba, ko da yamma biyu ce a mako, ki faɗa wa ƙanenki adadin da gaskiya. Zai fi son yamma biyu tabbatattu da Yayarsa tana dariya a kan bakwai tana duba agogo. Na lura wasiƙarki ba ta ambaci kowa ba sai ke da Umma. Babu sauran 'yan uwa, babu abokai? Mutane ba sa amsa kiran "a taimaka", amma idan aka ce wa mutum ranar kaza, ƙarfe kaza, cefane kawai, da wuya ya ƙi. Shi zai zaɓi waɗanda za a tambaya, domin ɗakinsa za su shiga. Tunda yana samu, zai iya yanke shawarar biyan awa biyu ko uku daga aljihunsa. Ki kawo maganar a matsayin tambaya, kuɗinsa ne.

Umma kuwa tsoro ne ke magana a bakinta, kuma ina jin tsoron dare ne: ya faɗo ba kowa. Musu ba ya kashe irin wannan tsoron, sai ta ga shiri. Waya a inda hannunsa zai kai ko da yana ƙasa, caji a cike, makulli na biyu a hannun maƙwabcin da ya yarda da shi, lambobi biyu da za a kira, da ɗan saƙo kowace safiya idan ya amince. A nuna mata wannan, kuma shi ya nuna mata da kansa. Kada ki kai mata maganar gara ya kwana a keke, za ta ji kamar ita ya ƙi.

Zai iya yiwuwa duk ku yi wannan abin ya ƙi. Idan gyambo ya fito, ko ya fara faɗuwa, ko ƙorafin da aka kai wa hukuma bai ci ba kuma hannu bai isa ba, komawa gida na ɗan lokaci ba faɗuwa ba ce. Amma a yi ta da sharuɗɗan da ya gindaya: kada a saki ɗakin hayarsa da gaggawa, a sa ranar da za a sake zama a duba, ya samu ƙofar da ake ƙwanƙwasawa kafin a shiga. Idan kuma ya ji duk haɗarin ya ce zai zauna, to baligi mai hankali yana da damar ɗaukar kasadar da ke kansa, kamar yadda ke ma kike ɗauka kullum ba wanda ya kira taron dangi.

Kafin duk wannan akwai waya da ba a ɗagawa. Kada ki je ki buɗe ƙofa da makullinki. Ki tura masa saƙo, gajere: "Mun yi kuskure da muka yanke magana ba ka nan. Ba wanda zai taɓa kayanka. Ina so in ji yadda kake ganin za a yi da awanni 10 ɗin nan. Yaushe zan zo?" In ya ce jibi, ki bari sai jibin.